Tafiyata Fatakwal Karɓo Gawar Nasiru

Tun da na dawo daga Kudu ban sha shayina da zafinsa ba. Da na zauna a majalisarmu ta Fagge sai a kewaye ni. Alhaji Sule, ka ga inda jirgin ya faɗi? Gaskiya ne babu wanda ya fita da rai? Me masu bincike suka ce? Na yi ta ba da labarin gutsure-gutsure, har na fara jin sa a bakin wasu da gishirin da ban zuba ba. Shekaranjiya wani ya ce wai ni na ce matuƙin barci ya yi. Ban faɗa ba, ban kuma sani ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da idona ya gani, wanda ya ƙara a kai shi da Allah.

Mu uku ne muka taso tare muna rakiyar shanu Kudu a taragon jirgin ƙasa: ni da Ɗanjuma da Malam Iro. Ni yawo ya ɗauke ni, na zauna Kumasi da Abijan da Duwala da Khartum da Jidda, na tsinci harsunan mutane a hanya. Malam Iro ya kafa gida a Inugu har Allah ya yi masa rasuwa. Ɗanjuma ya zama dillalin shanu a Trans-Amadi, cikin Fatakwal.

Ranar da rediyo ya ce jirgin fasinja daga Legas ya faɗi gab da sauka a Fatakwal, cikin ruwa da iska, na yi salati kamar kowa, na ci gaba da harkata. Sai da yamma aka bugo mini cewa Nasiru ɗan Ɗanjuma yana ciki. Saurayi ne mai shagon kayan janareto a kasuwar Mile One, ko aure bai yi ba. Na yi wa abokina gaisuwa ta waya, na ɗauka an yi sutura an gama. Bayan makonni sai ga kiransa. Muryarsa kamar ta wanda ya tashi daga jinya.

"Sule, har yau ba su ba ni shi ba."

"Ba su ba ka wa ba?"

"Nasiru. Yana cikin ƙanƙara. Ka zo, kai ne mai jin Turancinsu."

Na daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Musulmi, makonni, ba a kai shi makwancinsa ba.

'Ya'yana suka ce in bi jirgi, tafiyar mota ta fi ƙarfin tsoho. Ni da na sha ratsa teku a sama, ranar nan na kasa. Na je Sabon Gari na shiga babbar motar Anacha. Kafin mu fita gari wani fasto ya miƙe ya yi addu'a mai tsawo, yana roƙon kada hanya ta sha jinin kowa, mota ta ɗauka da amin. Ni ma na ce amin a zuciyata, don roƙon nasa ya zo daidai da nawa. Yana zama wani ya tashi da maganin da ke warkar da basir da taifot da hawan jini da rashin gani, duk a kwalba guda. Na ce ashe ko'ina da irinsu, namu dai sun fi su lasifika.

Na tsallaka iyakokin ƙasashe da yawa, na sha tsayuwa gaban jandarmomi masu neman takardar rigakafi, amma ban taɓa shan tsayarwa kamar tsakanin Lokoja da Asaba ba, a cikin ƙasata. Shinge bayan shinge. A wani wurin soja ya sa na buɗe jakata, ya zaro farin yadin da na saya a Kwari, ya tambaye ni na sayarwa ne. Na ce masa likkafani ne. Ya mayar da shi da hannu biyu, ya ja zif ɗin da kansa.

Gadar Anacha ita ce iyakar gaske. Kana tsallake Kwara harshe ya sauya, sauri ya sauya. Ina sauka a tasha 'yan kamasho uku suka kama jakata, kowa na ja yana cewa aboki, ga mota. Na ce musu da Ibo su sakar mini kaya, ni sa'an kakansu ne. Suka saki suka tsaya kallona, sannan suka fashe da dariya, ɗaya ya tsayar mini da keke bai karɓi komai ba. Sai dai na iso da yammacin Lahadi, ga shi Litinin ba a fita a ƙasar Ibo, 'yan aware sun hana: kasuwa a rufe, tasha a rufe, titi sai awaki. Dole na kwana biyu a unguwar Hausawa, a gidan Malam Tanko mai albasa, mutumin Kabi da ya shekara da shekaru a can, 'ya'yansa Ibo a bakinsu kamar ruwa.

Da hantsin Litinin na gaji da zama, muka ɗan taka bayan masallaci. Duk bangon layin hotunan mamata ne, manya, masu launi, kowa da shekarunsa da ranar da za a binne shi. Na lura ranar rasuwa da ranar binnewa ba su kusa da juna.

"Alhaji, nan gawa takan yi wata da watanni a mutuware," in ji Tanko. "Sai an yi wa gida fenti, sai 'ya'ya sun dawo daga Turai, sai an ɗinka anko. In ka binne ubanka da wuri cewa za a yi ka jefar da shi."

Na san irin wannan a Kumasi, inda jana'iza ta fi biki taro. Mu kuwa mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Su suna girmama mamaci da jira, mu da gaggawa. Da can in na ga haka a ƙasashen mutane kallo kawai nake yi. Ranar nan kuwa na tsaya gaban bangon ina tuna ɗanmu na kwance a irin ɗakin da nasu ke kwanciya, ba don mun zaɓa ba. Matar Tanko ta yi mana tuwon rogo da miyar shuwaka, ta iya ƙwarai, amma loma kaɗan na yi.

Talata na kama motar Fatakwal ta Oweri. Ruwa ya raka mu tun daga tasha. Da muka kusa gari direba ya rage gudu ya nuna wani daji da hannu, wata mata a bayana ta fara waƙar coci a hankali. Ban ga komai ba sai itatuwan kwakwar manja.

Fatakwal ta sauya mini. Wata baƙar toka ce ke sauka daga sama ba ka ganinta, sai ka shafa hancinka ka ga yatsa ya yi baƙi. Farar rigata ba ta kai magariba da farinta ba. Na tarar da Ɗanjuma a ƙofar gida kan tabarma, shi da mahauta da dillalai abokan sana'arsa. Mutumin da ke kayar da bijimi da igiya ɗaya ya koma kamar sanda. Zaman makokin ya ƙi ƙarewa: ba a yi sadakar uku ba balle ta bakwai, don ba wanda ya san daga wace rana za a fara ƙirge. Mutane su zo su yi addu'a su tafi, gobe su dawo su rasa abin cewa.

Da muka keɓe ya ce, "Mota zai biyo, Sule. Kullum mota yake bi. Ni na ce hanya ta lalace, ana ɗaukar mutane, ya hau jirgi. Ni na matsa masa."

Na ce, "Kai ka matsa masa, amma ba kai ka rubuta ba."

"Haka liman ya ce."

"To liman ya fi ni sani, ka ji tasa."

Ya yi ɗan murmushi. "Har yanzu bakinka bai mutu ba, tsohon banza."

Washegari masu bincike suka kwashi iyalan mamata a mota zuwa wurin da abin ya faru. Ga amsar masu tambayata. Na ga layin itatuwan kwakwa an aske kawunansu kamar da reza, sannan wani fili baƙi ƙirin a tsakiyar kore. Duk ruwan da aka yi ta yi bai wanke warin man jirgi ba. Wutsiyar jirgin na nan a karkace, ta fi ɗakin kwanana girma. Sauran kuwa ba ka ce jirgi ba ne, kamar an zazzage bolar maƙera. Mutane cikin fararen kaya suna tafe a jere, suna tsintar abu ɗaya-ɗaya, suna kafa 'yar tuta a inda suka ɗauka. Na ga kujera guda a tsaye daram, ɗamararta a ɗaure, babu kowa a kai. Ita ce har yau nake gani in na rufe ido.

Babban mai binciken, wani dogo mai sanyin magana, ya yi mana bayani ina fassara wa namu. Ya ce sun samu baƙin akwati, wanda ke naɗe maganar matuƙa da motsin jirgi, kuma ashe ma ba baƙi ba ne, ruwan lemo ne. Ya ce sai an saurare shi, an auna kowane ƙarfe, an duba yanayin sama na ranar, kafin su ce ga dalili, kuma abin zai ɗau lokaci. Wani matashi ya daka masa tsawa cewa ɓoyewa suke yi. Mutumin bai yi fushi ba. Ya juyo gare ni ya roƙi alfarma: mutanen ƙauye sun kwashi gutsattsarin jirgin kafin a kewaye wurin, wasu sun sayar wa 'yan gwangwan, 'yan gwangwan kuwa yawanci namu ne. Ko liman zai yi sanarwa a dawo da su? Wata 'yar ƙusa, in ji shi, tana iya faɗin abin da ya kayar da jirgi. Liman ya yi sanarwar ranar Juma'a, aka kuwa dawo da buhu biyu.

Mu in abu ya faru mukan ce ƙaddara, mu rufe bakin. Su kuma sai sun tona. Na daɗe ina ganin hanyoyin biyu ba sa karo: wanda ya tona yau shi ke tsare na gobe. Amma Ɗanjuma bai saurari ko kalma ɗaya ba. Shi ba dalili ya zo nema ba, ɗansa yake so.

A asibiti aka ajiye gawarwakin. Wuta ta hana a gane mafi yawansu da ido, don haka aka ɗebi yawun dangi da auduga aka tura gwajin ƙwayar halitta, wanda ke haɗa ɗa da iyayensa. Ɗanjuma ya ba da nasa tun makon farko. A bencin jira na zauna kusa da wani dattijo Ibo, Mazi Okeke, wanda matarsa ke cikin jirgin. Na fasa goro na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu ya yi masa addu'a irin tasu kafin ya ci. Ya ce mini, "Ku masu sauri ne, mu masu jira. Dubi yadda aka zaunar da mu a benci ɗaya." Ranar aka kira shi aka ce an gane tasa. Ya fito yana kuka yana godiya.

Da aka kira mu, likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta dubi Ɗanjuma, ta dube ni, ta tambaya ko yana jin Turanci. Na ce sai na kasuwa. Ta ce to in ɗan matso. Ta rage murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, yawun mutumin nan bai dace da kowa ba cikin waɗanda suka rage. Ban san yadda za ka gaya masa ba. Irin wannan yakan faru, kuma yakan rusa gida. Ba sai ya sani ba. Ku kawo mini uwar yaron a asirce, nata ba ya kuskure."

Da farko ban gane ba. Da na gane inda ta dosa sai na ji kunya ta rufe ni, don zargi take yi wa matar Ɗanjuma, baiwar Allah da ke gida tana kuka. Sannan abin da na sani fiye da shekara talatin ya faɗo mini. Ɗanjuma bai taɓa haihuwa ba. Nasiru ɗan farin Malam Iro ne. Ranar da aka yaye shi Iro ya ɗauko shi daga Inugu ya ajiye a cinyar amininsa ya ce, ga naka, har abada. Ina wurin. Tun daga ranar ba wanda ya sake faɗa, har mu da muka sani muka manta. Da ma'aikata suka ce uban Nasiru ya fito, wa zai fito in ba Ɗanjuma ba?

Na yi wa likita bayanin riƙo. Ta dafe kai ta ba da haƙuri. Ta ce su ma suna ba da yaro ga dangi, amma da an tambaya sai a ce ɗan wane ne. Na ce mu faɗin haka gori ne, ba a yi. Sannan ta gaya mini cewa mutuware ba zai iya riƙe su har abada ba, waɗanda ba a gane ba zuwa ƙarshen wata za a haɗa su a kabari ɗaya.

A cikin keke na gaya wa Ɗanjuma. Muna wuce Mile One sai ya fashe.

"Wato auduga ce za ta gaya mini ba ɗana ba ne? Wa ya yi masa kaciya? Wa ya goya shi zuwa asibiti da ƙyanda ta kama shi? Ina audugar take a lokacin?"

"Ba wanda ya ce ba ɗanka ba ne. Injin ne bai san riƙo ba."

"To ya koya."

"Ɗanjuma, ko dai Ladidi ta zo, ko a zuba shi rami ɗaya da mutanen da ba a san su ba, ba salla ba alƙibla."

Mai keke ya waiwayo ya ga tsoho na hawaye, ya kashe rediyonsa. Can Ɗanjuma ya ce, "Ba za ta zo ba. Ka san ta."

Na san ta kuwa. Hajiya Ladidi matar marigayi Malam Iro, mace ce ta da, mai alkunyar ɗan fari irin wadda ta ƙare yanzu. Ba ta taɓa kiran sunan Nasiru ba. In ya je Inugu gaishe ta takan juya fuska ta amsa a taƙaice, ta sa a kai masa abinci. Da aka bugo mata labarin jirgin cewa ta yi Allah ya ba Alhaji Ɗanjuma haƙuri, ba ta kuma taka Fatakwal ba. Irin wannan magana ba ta waya ba ce. Na kama hanyar Inugu ta Aba, hanyar da ramukanta suka sa na gane ƙasusuwana nawa ne. A tasha na sayi okpa, alalar gurjiya ce a ganye, mai zafi, ita ce abinci na farko da ya zauna mini tun barina Kano.

Na same ta a unguwar Hausawa, a tsakar gida, tana juya waina a tanda, don ita ce sana'arta. Muka gaisa gaisuwar manya, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi Kano da ruwan bana. Na yi mata gaisuwar rashi.

"Ai Alhaji Ɗanjuma za ka yi wa," ta ce. "Shi ya yi rashi."

Na faɗa mata duk yadda ake ciki. Hannunta bai daina juya waina ba.

"Alhaji, ni ba ni da ɗa a Fatakwal. Malam ya bayar, ni ma na bayar. Abin da aka bayar ba a bin sawunsa. In je in tsaya gaban mutumin da ya yi wahalarsa in ce nawa ne? Da wane ido?"

"Ba cewa za ki yi naki ne ba, Hajiya. Baki kawai za ki buɗe a shafa auduga."

"Ku kai musu na ƙannensa mana."

"Likita ta ce naki ne ba ya barin shakka, lokaci kuma ya ƙure."

Na ce mata, "Iro ya ba da shi don a riƙe shi, kuma an riƙe. Yanzu mai riƙon ya kasa kai shi kabari sai da ke. Ba karɓa za ki je yi ba, cika kyautar za ki yi."

Wainar da ke tanda ta ƙone, ƙauri ya tashi, ba ta kula ba. Sai wata jikarta ta zo ta sauke. Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zauna har na fid da rai, sai ga ta da mayafi da 'yar jaka.

Duk tsawon hanya jan carbi take yi. Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe da saura. A ofishin likita akwai ƙa'ida: kafin a ɗebi yawu sai mutum ya faɗa da bakinsa, gaban shaidu, mene ne shi a wurin mamacin. Likita ta yi tambayar, na fassara. Hajiya Ladidi ta sunkuyar da kai. Ɗanjuma na zaune a gefe, hularsa a gwiwa. Aka sake tambaya. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na roƙi likita ta bari in amsa a madadinta, ta ce ba ta da iko, sai dai wanda aka rubuta a matsayin uba ya tabbatar.

Sai Ɗanjuma ya miƙe. Bai bi ta kaina ba, ya dubi likita ya faɗa da Hausa, da ƙarfi, kamar mai shela a kara:

"Ita ta haife shi. Ni riƙo na yi."

Ya koma ya zauna, ya kifa hular a fuskarsa. Ban fassara ba, likita ma ba ta nema ba. Hajiya Ladidi ta ɗaga kai ta ce a hankali, "Haka ne," ta buɗe baki.

Jiran sakamako ya fi komai tsawo. Ta sauka a ɗakin matar Ɗanjuma, tana taya ta girki, masu zuwa gaisuwa na wuce ta ba su san ko wace ce ba. Ni kuma na yi ta zaga gari don kada zama ya kashe ni. Na je Creek Road na ga kifin da ban san sunansa ba a kowane harshe, na ci gasasshiyar agada da kifi a bakin titi har barkono ya sa ni hawaye gaban mata masu dariya. Ana saura kwanaki kaɗan wata ya ƙare aka kira mu. An gane shi.

A akwati a rufe suka ba mu. Liman ya ce halin da yake ciki ba ya ɗaukar wanka, aka yi abin da shari'a ta sauƙaƙa, aka naɗe shi da yadin da na taho da shi. Mahautan Trans-Amadi suka bar aiki, 'yan Mile One suka rufe shaguna, har Mazi Okeke ya zo ya tsaya daga nesa hannu a ƙirji. Ƙasar maƙabartar jiƙe take, ruwa na tsatsowa a ramin, sai da aka shimfiɗa itace. Ɗanjuma ne ya shiga ya karɓe shi ya juya shi alƙibla. Da ya fito ya ce mini, "Yau zan yi barci." Rahoton masu bincike kuwa har na baro garin bai fito ba, don haka mai tambayata dalili ya jira kamar yadda nake jira.

Bayan sadakar uku na rako Hajiya Ladidi Inugu, daga can zan kama motar Kano. Mun wuce Aba, ruwa na dukan gilashi, sai ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Alhaji, kai da ka san shi da girmansa. Yaya kamanninsa?"

Na juyo ina kallonta.

"Tun da aka yaye shi ban ƙara kallon fuskarsa ba," ta ce. "Ƙafafunsa na sani, da muryarsa."

Akwai hotonsa a wayata, wanda abokansa suka yi ta turawa. Na nemo na miƙa mata. Ta yi jim kamar ba za ta karɓa ba, sannan ta goge hannunta da mayafi ta karɓa. Ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa. In hasken ya mutu sai ta miƙo mini in kunna mata. Mun yi tafiya mai nisa a haka.

Can ta ce, "Ashe wushirya gare shi."

Ta sa yatsa ta taɓa tata wushiryar, ta ja mayafi ta rufe bakinta.